Aji nawa take?

Shekarun baya, tun kafin irin waɗannan baƙi su yi wuyar gani a garin nan, makarantar da nake koyarwa ta ƙulla zumunci da wata makaranta ta ƙasar Faransa. Su aiko mana da littattafai, yaranmu su rubuta wa nasu wasiƙa, haka dai. Ran nan sai darakta ya tara mu ya ce ɗaya daga cikin malamansu mata za ta zo Maraɗi ta yi kwana goma, kuma ta ce ba ta son otal, gidan mutane take so. Ya dube mu ɗaya-ɗaya, idonsa ya tsaya a kaina. Ina da ɗakin da ba kowa a ciki, maigidana kuma ba mai tsanani ba ne. Shi ke nan magana ta ƙare.

Na yi shiri irin na wadda ba ta son a tafi da ita a baki. Aka yi wa ɗaki shafe, aka sayo sabon gidan sauro, aka yanka zabi biyu. Bayan magariba muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Yarinyar da ke yi mana aiki ta kawo buta da tasa, ta durƙusa gaban baƙuwa za ta zuba mata ruwan wanke hannu, kamar yadda take yi wa duk babban da ya zo gidan. Ai kuwa sai baƙuwa ta zabura kamar wadda kunama ta harba. Ta miƙe ta kama butar da hannu biyu tana cewa a'a, a'a, ita kuma yarinya ta ƙi saki don ba ta san abin da ake nufi ba. Ruwa ya malale a tabarma. Yarinya ta ruga madafa tana kuka, a zatonta wani babban laifi ta yi. Surukata tana gefe da carbinta, ta dube ni ta ce, "Ke, wannan anasarar ƙyamar hannunmu take yi ne?"

Kunya ce ta kama baƙuwar, irin kunyar wanda aka ɗora bisa kujerar da yake ganin ba tasa ba ce. Amma a daren nan ba wanda ya fassara abin haka.

Kwanakin da suka biyo baya abin sai gaba yake yi. Da asuba in ji ƙarar tsintsiya, in leƙo in tarar baƙuwa ce ke shara, yarinya na tsaye a gefe ta rasa inda za ta sa kanta. Ana gama cin abinci ta kwashi kwanoni ta nufi wurin wanke-wanke. Kafin kwana uku labari ya zaga unguwa wai gidan madam an sa baƙuwa aikatau. Wata maƙwabciya har ta shigo takanas, wai aron taɓarya, don ta gani da idonta.

A rana ta biyar ina ninke wanki sai na ji wani abu ƙulle a bakin zanen yarinyar. Na kwance, takardar jikka 10 ce sabuwa fil. Kuɗin aikinta na wata biyu ke nan, kuma ko shi ba a hannunta ake ba ta ba, matar da ta kawo ta ke karɓa ta kai wa uwarta. Zuciyata ba ta raya mini komai ba sai sata. Na ja ta bayan ɗaki na tsare ta da tambaya, jikinta na rawa tana cewa, "Wallahi Tanti, ba ni ta yi, ta ce kar in faɗa." Ban yarda ba. Na ce ta haɗa kayanta, gobe za a mai da ita garinsu. Allah ya sa maigida ya ce a fara jin ta bakin baƙuwa tukuna. Da aka tambaye ta sai fuskarta ta yi ja, ta ce ita ta ba ta. Saura ƙiris kyautar da aka yi don tausayi ta mai da ƴar mutane ƙauyensu da sunan ɓarauniya, sunan da zai bi ta har ranar da za a zo neman aurenta.

Da la'asar na zaunar da baƙuwata gindin dogon yaro na yi mata darasi, ni da nake ji da kaina malama. Na ce mata a nan ƙarami ke yi wa babba hidima, kuma ba ya jin an rage shi da komai. Na ce ni da take gani, da shekaruna da albashina, ba na gaida surukata a tsaye. Na ce wanda ya ƙi ruwan gida, gidan ya ƙi, kuma baƙon da ya ɗauki tsintsiya shela yake yi cewa masu gida sun gaza. Na fassara mata karin maganar nan tamu, baƙonka Annabinka. Ta saurara da kyau, ta ba da haƙuri, ta ce ta gane, ta ce ta ma lura ƴata tana durƙusawa in ta kawo ruwa. Sannan ta ce, "Ƴarki ta gaya mini tana CM1. Ita wannan fa, aji nawa take?"

Ba da gatse ta yi tambayar ba, na ga idonta. Malama ce ta tambayi malama abin da malamai ke tambaya in sun ga yaro. Na ce ai ta wuce shekarun shiga CI. Na ce iyayenta ba sa so. Na ce ko a ƙauyensu ba zuwa take yi ba. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, amma ina faɗa ina jin muryata kamar ta ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

Na daɗe ina juya wannan zama a raina, kuma abin da na gano shi ne mu biyun kuskure ɗaya muka yi, kowa daga nasa gefen. Mun zuba abu biyu cikin ƙwarya guda. Ita ta ɗauka duk durƙuson da ta gani ƙasƙanci ne, ni kuma na ɗauka duk ladabi ne.

Akwai hidimar da ke zagayawa. Ƴata da ke zuba wa baƙo ruwa yau, gobe ita za a zuba wa. Ƙane yana yi wa wansa aike, wata rana ya samu nasa ƙanen. Amarya tana ɗawainiya da uwar miji, in Allah ya ja kwana ita ma ta zama uwar miji. Wannan kamar adashi ne, kowa yana zubi kuma kowa yana da ranar ɗauka. Ina tare da wannan al'ada ɗari bisa ɗari, kuma ba na fatan in ga ranar da ƴaƴanmu za su riƙa miƙa wa dattijo ruwa a tsaye da hannun hagu suna kallon waya. Baƙon da ya ga wannan ya kira shi zalunci bai fahimce mu ba ne. Sai mu yi masa bayani cikin mutunci, ba sai mun ba shi haƙuri ba.

Akwai kuma hidimar da ba ta zagayawa. Mai yin ta ita ke riga kowa tashi, ita ke bin bayan kowa wurin kwanciya. Sai an gama ci a ba ta abin da ya saura, wani lokaci ƙanzo. Makwancinta madafa ko bakin ƙofar ɗakin yara. A gidaje da yawa sunanta ya ɓace, "ke" kawai ake kiranta. Ƙarfe bakwai da rabi ita ke saka wa yaranmu takalma, ta ɗauki jakunkunansu ta raka su har ƙofar lakwal, ta tsaya ta ga sun shiga, sannan ta juyo ta koma ga wanke-wanke. Wannan tana zubi kullum, ranar ɗaukarta kuwa ba ta zuwa. In ka ga ƴar gida da ƴar aiki sun durƙusa gaban baƙo, guiwa iri ɗaya ce a ƙasa, buta iri ɗaya ce a hannu. Baƙo ba zai iya rarrabewa ba, shi ya sa aka ce baƙo ko da ido makaho ne. Mu kuwa mun san bambancin sarai. Mun dai saba da kawar da kai ne.

Ku duba harshenmu ma. Bara da baranya, bawa da baiwa, kuyanga, dimajo, ƙwarƙwara, wahaya. Turawa suka zo suka ƙara mana boyi da kuku. Yanzu kuma ƴar aiki da ƴar riƙo. Harshe ba ya tara wa abu sunaye haka sai in masu harshen sun daɗe suna zaune da shi.

Na san akwai mai karanta wannan ransa na ɓaci, yana cewa su wane ne su da za su koya mana mutunta ɗan Adam. Yana da gaskiyarsa. Faransa ta fitar da dokar hana cinikin bayi a ƙasashen yammacin Afirka da take mulka a 1905, amma ita ce ta ci gaba da kwasar kakanninmu aikin dole, gina hanyoyi da ɗaukar kaya a ka, har sai da aka soke shi a 1946. Kumandan da ke zaune a barandarsa boyi na yi masa fifita bai ji kunyar da baƙuwata ta ji ba. Duk wannan haka yake, na kuma gaya mata wani abu daga ciki a ranar. Sai dai bayan na gama faɗa, yarinyar tana nan inda take a bakin murhu, tarihin bai shigar da ita aji ba.

Kuma ba sai mun je wurin Turawa neman ma'auni ba, muna da namu. Tun watan Yuni na 2003 dokar Nijar ta mai da bautar da mutum babban laifi, mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Da yawa daga cikinmu sun tuna shari'ar Hadijatu Mani, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12 a kan jikka 240, ta zauna a matsayin wahaya a yankin Ƙonni. Ƙungiyar Timidria, wadda ƴan ƙasar nan suka kafa a 1991, tana cikin waɗanda suka tsaya mata, har kotun CEDEAO ta yanke hukunci a watan Oktoba na 2008 cewa ƙasa ta gaza kare ta, a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Ƴar ƙasarmu ce ta kai ƙara, ba baƙo ba.

A fahimce ni da kyau. Ban ce duk mai ƴar aiki mai bawa ba ne. Tazarar tana da yawa: ƴar aiki tana da uban da zai iya zuwa ya ɗauke ta gobe, ana biyan wani abu komai ƙanƙantarsa, ba a gadonta. Abin da muka gada daga wancan zamani shi ne ido, idon da ya saba ganin wani mutum a durƙushe bai taɓa tambayar kansa yaushe zai miƙe ba.

Ni ma na taɓa zama baƙuwa, shi ya sa ba na iya yi wa wannan mata dariya har cikin raina. Da na fito daga makarantar horar da malamai, aikina na farko wani gari ne a arewacin Tawa, inda aka tura maigidana. Wani babban mutum ya sauke mu, ya yi mana karamcin da har yau nake yi masa addu'a. A gidan akwai wasu mutane da ke yin komai. Matar ita ke daka, ita ke jan ruwa a rijiya mai zurfin da igiyarta kaɗai kaya ce. Mijin shi ke dafa shayi, ya miƙa wa kowa, amma ban taɓa ganinsa ya hau tabarmar da ake shan shayin a kai ba. Sau ɗaya na tambaya, aka ce mini, "Mutanenmu ne, tun kakanni muna tare." Na ce to. Shekara biyu na yi ina shan shayin nan. Kullum da safe ina kiran suna a aji, ba ɗansu ko ɗaya a rajista, alhali ina jin muryoyin yaran a bayan katanga suna kora awaki. Abin mamaki, tsofaffi suna ba da labarin cewa zamanin da anasara ya fara neman yara don lakwal, manya da yawa ɓoye nasu ƴaƴan suka yi suka ba da na barorinsu, har wasu daga cikin waɗannan suka zama manyan ma'aikata. Da aka gane amfanin karatun sai abin ya juya.

Ban ce uffan ba har muka bar garin. Na riƙa gaya wa kaina cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Yanzu in na auna shiruna na shekara biyu da ƙwace butar da baƙuwata ta yi, ba na ganin nawa ya fi nata kyau. Ita ta yi ɓarna don ta gaggauta. Ni ban ɓata wa kowa rai ba, kowa ya yaba hankalina, amma yaran nan sun girma ba su san baƙi ko ɗaya ba, kuma malama tana kwana a gidan da suke yi wa kiwo.

To me ya kamata baƙo ya yi ke nan, in ya ga abin da ransa bai kwanta da shi ba a gidan da aka karrama shi? Abu na farko da zai riƙe shi ne, shi mai tafiya ne, mai hidimar kuwa mai zama ce. Duk ƙurar da ya tayar a kanta za ta sauka bayan jirginsa ya tashi. Saboda haka ya karɓi ruwan, ya miƙa hannu a zuba masa, ya yi godiya yana duban wadda ta zuba. Ya tambayi sunanta ya riƙe, ya gaishe ta da safe kamar yadda yake gaida sauran mutanen gida. Wannan kaɗai yana koya wa yaran gidan wani abu ba tare da an yi musu wa'azi ba. In yana son yin kyauta ya yi ta a fili, ta hannun uwargida, ranar tafiya, kamar yadda al'adarmu ta tanada, ya ambaci rabon yarinyar da bakinsa a gaban kowa. Kyautar ɓoye a gidan da ba naka ba tarko ce ga wanda ka ba. Sannan in ya ci abincin gidan kwana da kwanaki har an saba, ya samu mai gida ko uwargida su biyu, ya yi tambayarsa sau ɗaya cikin ladabi, ya yi shiru. Cikin duk abin da baƙuwata ta yi a kwana goma, shara da wanke-wanke da jikka 10, ba abin da ya taɓa ni sai waccan tambayar, kuma ita ce ba ta kashe mata ko dala ba.

Wannan ba maganar Turawa kaɗai ba ce. Ƴaƴanmu suna fita karatu Maroko da Aljeriya da Turkiyya da Saudiyya, wata rana abokin karatu zai gayyaci ɗanka gidansu, wadda za ta kawo masa abinci ta kasance baƙar fata irinsa, wataƙila ma in ya gaishe ta da Hausa ta amsa. Mun san mata nawa ne daga yankunanmu, musamman wajajen Kance da Matamaye, ke tafiya arewa neman abin kai wa baka, wasu bara wasu aikatau. In labarin wulaƙancin da ake yi wa wata a can ya zo mana a WhatsApp, ranmu ya ɓaci mu yi ta tsinuwa, kuma daidai ne. Amma sau da yawa mai tsinuwar tana kishingiɗe ne, wata yarinya ƴar shekara goma tana matsa mata ƙafa.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu malamai mata, don mu ne kan gaba a wannan sha'ani, mu da ma'aikatan asibiti da na ofis. Na san uzurinmu don nawa ne. Ƙarfe takwas dole kina gaban allo. Jariri yana gida, wurin renon yara babu, in ma akwai ya fi ƙarfin aljihu. Albashi in ya zo bai kai ƙarshen wata ba, ƴan kwantaragi kuwa sun fi kowa sanin ma'anar jira. Mafi ƙarancin albashi a doka ya koma jikka 42 tun farkon 2024, wace malama ce za ta iya cire wannan daga nata ta ba mai aiki? Sai a nemi mai araha, mai arahar kuwa ita ce ƙaramar yarinya daga ƙauye, wadda ba ta san ta yi ciniki ba, ba ta san hanyar tasha ba. Haka muke ajiye ƴar wani a gida ba karatu don mu samu damar zuwa mu karantar da ƴaƴan wasu. Dokar ƙwadago ta 2012 ta ce ba a ɗaukar yaro aiki kafin shekara 14. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta musamman don kare karatun ƴaƴa mata. Mu ake tarawa a yi wa bita a kan waɗannan dokoki, mu ke shiga ƙauyuka muna roƙon iyaye su bar ƴaƴansu mata a lakwal. Ranar 13 ga Mayu mu yi ɗinki iri ɗaya mu fita bikin ranar matan Nijar, a yi jawabi a kan ƴancin mace, mu tafa. Wa ke goye da jaririn a gida a wannan rana?

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi ita ce wadda surukata ta kawo mini, kuma ba na raina ta. Ta ce, "Ƴar nan, a garinsu sau nawa take ci a rana? Da ba ta zo nan ba da tana can tana talla, ko an riga an ɗaura mata aure. A nan ta koyi girki, ta koyi tsabta, uwarta na tara mata kayan ɗaki. Taimako ne kike yi." Akwai gaskiya a ciki. A shekarar da damina ta yi gardama, rage baki ɗaya a gida ba ƙaramin sauƙi ba ne ga uba. Kuma riƙo al'ada ce mai albarka. Ni kaina ƴar riƙo ce. Da na ci jarrabawar shiga kolej babu kolej a garinmu, gidan goggona a Damagaram na zauna shekara huɗu. Na yi shara, na yi wanke-wanke, na yi daka har hannuna ya yi kanta. Amma da safe tare muke fita da ƴaƴanta, kwano ɗaya muke ci, in Salla ta zo turmi ɗaya ake yanka mana. Da ba don wannan riƙo ba da ba ni ke rubuta wannan ba.

Shi ya sa na san riƙo in na gan shi, na kuma san abin da ba shi ba. Dabarar da muka iya ita ce, in aka yi mana maganar albashi mu ce ai ƴarmu ce, riƙonta muke yi, wa ke biyan ƴarsa? In aka yi mana maganar makaranta kuma mu ce ai aiki ta zo yi, ba karatu ba. Ta rasa haƙƙin ƴa, ta rasa haƙƙin ma'aikaciya. Sai mu zaɓi ɗaya. In ƴa ce, ta bi ƴaƴanmu lakwal, ta ci abin da suke ci, ta kwana inda suke kwana. In ma'aikaciya ce, to ta zama wadda ta isa aiki, a yi ciniki da ita kanta, kuɗinta ya shiga hannunta, ta san lokacin tashinta da ranar hutunta. Ba wani sabon abu ba ne daga waje. Ba wanda bai taɓa ji a wa'azi ba cewa mai yi maka hidima ɗan'uwanka ne, ana ciyar da shi daga abin da ake ci, a tufatar da shi daga abin da ake sawa, ba a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Mukan gyaɗa kai a wurin wa'azin, mu dawo gida mu ce, "Ke, har yanzu ba ki gama ba?"

Za ku so ku ji yadda aka ƙare da yarinyar. Bayan baƙuwa ta tafi da wata biyu, kunya ta ishe ni, na nemi irin azuzuwan gaggawan nan da ake buɗe wa yaran da suka wuce shekarun shiga, inda ake karantar da su wata tara, a fara da harshen gida sannan faransanci, daga nan a zuba su cikin lakwal. Na samu wuri na sa ta. Gidana ya rikice. Na koma tashi ƙarfe huɗu da rabi, ƴata ta fara wanke kwanonin da ba ta taɓa wankewa ba tana ƙunƙuni, maigida ya koyi inda ake ajiye ashana. Yarinyar kuwa kanta kamar soso. Cikin wata huɗu tana haɗa baƙi, tana rubuta sunanta a ƙasa da tsinke a bakin murhu. Da damina ta faɗi ubanta ya zo ya ce zai tafi da ita ta taya uwarta aikin gona, bayan girbi za ta dawo. Na roƙe shi, na ce zan ci gaba da aika kuɗin ko ba ta yi aikin komai ba. Ya yi godiya ƙwarai, ya ce Allah ya saka, ya tafi da ita. Ba ta dawo ba. Bayan shekara biyu aka aiko mini da goron ɗaurin aurenta.

Matar da ta kawo ta ta dawo mini da wata, ƙarama ma fiye da ta farko. Na ce a'a. Na ɗauki wata bazawara mai ƴaƴa uku da ke zuwa da safe ta tafi bayan azahar, ina ba ta jikka 20 a hannunta. Bai kai abin da doka ta ce ba, na sani, kuma yana ci mini aljihu fiye da yadda nake nunawa.

Ita kuwa ƙaramar da na ƙi karɓa ba a mai da ita ƙauye ba. Gida na uku daga nawa aka kai ta, gidan wata abokiyar aikina da muke koyarwa a makaranta ɗaya, mutuniyar kirki wadda ta tsaya mini lokacin da na yi rashin mahaifiya. Kullum da safe in zan wuce ina ganin yarinyar a bakin famfo da bokiti biyu. Na san sunanta, ina gaishe ta, tana amsawa da "Ina kwana Tanti." Wata bakwai ke nan ina shirya yadda zan yi wa uwar ɗakinta tambayar da aka yi mini gindin dogon yaro, kullum muka haɗu a ɗakin malamai sai in ji bakina ya yi nauyi, mu ɓuge da hirar albashi.